Me ya sa launin ganye ke mutuwa a sabulu, zanen kuma ya cakuɗe?

Wata 'yar'uwa da ta fara haɗa sabulun wanka da hannunta ta turo tambaya. Ta ce ta yi kwaɓi biyu: ɗaya ta narka kostik sodarsa a jan ruwan furen soborodo, ɗayan ta zuba masa garin zogale don ta samu kore, da niyyar ta murɗa ja da kore su ratsa juna. Da ta yanka sai ta tarar jan ya koma ruwan ƙasa, koren ya dushe bayan 'yan makonni, zanen kuma ya cakuɗe ba a gane komai. Tana so ta san inda ta kuskure, kuma ba ta son ta koma ga kalar masana'anta.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, kada ki zubar da sabulun nan. In dai awon mai da soda ya yi daidai, lafiyarsa lau, launin ne kawai ya ƙi. Ki jiƙa shi ki ɗora takardar gwajin pH, mai auna tsami ko ƙarfin soda, a kan kumfar. In ta nuna 9 zuwa 10, kuma babu fararen ƙwayoyin soda ko ruwa mai tsattsafowa a cikinsa, ki yi wanka da abinki.

Matsala biyu ce ta haɗu miki a mazubi ɗaya. Ta launi tun wurin zaɓen tsiro ta fara, ta zane kuma a kaurin kwaɓi take. Bari mu fara da launin, don shi ya fi ɓata wa masu koyo rai.

Sabulu mai ne da kostik soda suka haɗu suka rikiɗa zuwa wani abu na uku. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya fayyace yadda hakan ke faruwa a 1823. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kafin rikiɗar ta kammala, duk abin da kika jefa cikin kwaɓin yana zaune ne cikin soda mai tsananin ƙarfi. A ma'aunin pH ruwa zalla yana kan 7, ɗanyen kwaɓin sabulu kuwa yana wajen 13 zuwa 14, kuma ko bayan ya nuna ba ya sauka ƙasa da 9. Launin tsiro kaɗan ne ke iya jure wannan.

Jan soborodo daga wani sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma jansa yana tare da tsami. Ki gwada da idonki, don gani ya kori ji. Ki zuba jan ruwan a kofin gilashi, ki ɗiga masa ruwan soda kaɗan-kaɗan. Ɗigon farko zai sa wurin ya yi shunayya, ki ƙara ya koma shuɗi mai duhu, ya wuce kore, cikin 'yan mintuna ya tsaya a ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, kuma daga nan ba ya dawowa. Abin da ya faru a tukunyarki ke nan. Haka jan kabeji yake, haka furen wardi, haka 'ya'yan itatuwa masu ja da shunayya. Bitirut, jar saiwar nan ta kayan lambu, sinadarinsa daban ne, amma ƙarshensa ɗaya. Na san abin da ciwo, domin su ne suka fi ɗaukar ido a kwano, amma babu dabarar da za ta tsayar da jansu a irin wannan sabulu. Ƙara yawan furen ba ya ƙara komai sai duhun ruwan ƙasar.

Koren ganye ya fi haƙuri, shi ya sa yake yaudara. Zogale, alayyafo, na'a-na'a, spirulina (koren garin gansakukar ruwa), duk korensu daga sinadarin kulorofil ne. Ranar yanka za ki gan shi shar, ki yi murna. Haske da iska ne ke cinye shi a hankali, bayan wata ɗaya ko biyu ya koma kaki. In kin ajiye sabulun a duhu zai ɗan ƙara kwana, amma ki sa a ranki launi ne na ɗan lokaci, kuma in sayarwa kike yi ki gaya wa mai saye gaskiya.

To waɗanne ne ke tsayawa? Yawancinsu tsirran da aka daɗe ana rini da su ne, da kuma masu launin da ke narkewa a mai.

Na farko a wurina shuni ne, wanda ake samu daga baba, Indigofera tinctoria. Sinadarinsa ba ya narkewa a ruwa, ba ya narkewa a mai, yana zaune ne cikin sabulun a matsayin ƙura mai laushi, soda ba ta iya yi masa komai. Yana ba da shuɗi mai ɗan toka-toka irin na wandon jins, kuma abu kaɗan ya isa: rubu'in ƙaramin cokali zuwa rabi ga giram 500 na mai. In kika wuce haka kumfar za ta yi shuɗi ta ɓata tawul. Sai dai ki kula wurin saye. Akwai garin ganyen baba, kore ne a ido, wanda ake sa wa gashi. Shi a sabulu kore mai toka yake bayarwa. Wanda kike nema shi ne shunin da aka riga aka fitar daga ganyen, shuɗi mai duhu kamar zai yi baƙi. Sannan tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma yawancin wanda ke yawo a duniya yau irinsa ne. A sabulu aikinsu ɗaya, amma tunda ke na tsiro kike so, ki tambaya. Wanda aka riga aka gauraya da sinadaran rinin tufafi kuwa kada ya kusanci abin da za a shafa a fata.

Jan da kike nema, mafi kusa da shi saiwar mada ce, Rubia tinctorum. Da ita aka yi ta rina jan yadi ɗaruruwan shekaru, har zuwa 1868 da Graebe da Liebermann suka haɗa sinadarinta, alizarin, a ɗakin gwaji. A sabulu tana ba da ruwan hoda zuwa ja mai sanyi irin na bulo, gwargwadon yawan da kika sa, daga ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ga giram 500 na mai. Ja jawur irin na soborodo dai ban san tsiron da ke ba da shi a sabulun soda ba, kuma gara ki san haka tun yanzu. Shunayya kuma saiwar alkanet ce, Alkanna tinctoria. Wannan abin kallo ce: in kika jiƙa ta a mai, man zai yi ja kamar jini, da ruwan soda ya taɓa shi sai ya juye shuɗi mai toka nan take, sannan cikin kwanaki ya dinga komawa shunayya. Kada ki yanke mata hukunci ranar farko.

Rawaya da ruwan lemo su ne mafi sauƙi. Ƙwayar anato, Bixa orellana, in an jiƙa ta a mai tana ba da rawaya mai haske har zuwa lemo mai ƙarfi, kuma tana daɗewa. Jan manja kaɗan cikin haɗin mai ma yana yin wannan aiki saboda karotin da ke cikinsa. Kurkum yakan firgita mutum: da ya haɗu da soda sai ya yi ja mai duhu, daga baya ya lafa ya koma rawaya mai ruwan ƙasa, kuma rana tana kashe shi. Furen kalandula na cikin 'yan furannin da ke riƙe rawayarsu ko an barbaɗa su a kai. Ruwan ƙasa mai kyau garin koko ne, baƙi da ruwan toka kuma gawayin da aka sarrafa don shafawa, rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya ga giram 500.

Koren da ba ya gudu, ni haɗa shi nake yi: man anato kaɗan da ɗan shuni. Rawaya da shuɗi su ba ki kore, kuma dukansu biyun masu jure soda ne. Wannan lissafin ne kuma ke ɓata wa wasu shuɗinsu ba su sani ba. In man zaitun ɗinki mai kore-kore ne, ko man kaɗanyarki mai rawaya, shunin da kika sa zai fito kore, alkanet kuma ta fito ruwan toka mai datti. Duk sa'ad da kike son shuɗi ko shunayya, ki zaɓi mai mafi haske da za ki samu.

Yadda ake shigar da launin ma yana da muhimmanci. Kada ki taɓa barbaɗa busasshen gari kai tsaye cikin kwaɓi. Zai dunƙule, ki yi ta markaɗe don ki fasa shi, kwaɓin ya yi kauri, zanen ya tafi. Shuni da gawayi da koko, ki tankaɗe su ki dama da ɗan mai tun kafin ki taɓa soda, ki murje da bayan cokali har sai babu gudaji. Anato da alkanet jiƙo suke so. Nakan sa giram 30 cikin giram 300 na man zaitun a kwalba, in bar shi mako huɗu zuwa shida ina girgizawa, ko in ɗora kwalbar cikin ruwan ɗumi awa biyu zuwa uku in ina sauri, sannan in tace da ƙyalle mai laushi. Tacewar ce ke hana sabulun ƙaiƙayi da ɗigo-ɗigo. Tsiron da za ki jiƙa kuma ya zama busasshe ƙamas, don ɗanye yana shigar da ruwa cikin mai ya lalata shi.

Yanzu zane. Da kika haɗa mai da ruwan soda, kwaɓin yana bi ta matakai, kuma ba ya jiran kowa. Da farko mai da ruwa sun haɗu kawai, yana ruwa-ruwa kamar sabon fenti, babu mai yana yawo a sama. Daga nan in kika ɗiga shi a kan kansa zai bar ɗan sawu ya nutse. Can gaba ya yi kaurin man shafawa, sawun ya zauna. Ƙarshe ya koma kamar man goge baki, sai dai a kwasa da cokali. Masu koyo da yawa suna markaɗe har sai sun ga kauri sosai, don an gaya musu alamar haɗuwa ke nan. Ga sabulu mai kala ɗaya babu laifi. Mai son zane kuwa a matakin farko take ajiye blanda, domin rabawa da sa kala da juyawa duk suna cin lokaci, kwaɓin kuma yana ci gaba da kauri a jug ko ba ki taɓa shi ba.

Cakuɗewa irin taki daga ɗayan biyu take zuwa. Ko dai kwaɓin ya yi ruwa ainun kika kuma yi ta juyawa har kalolin suka zama ɗaya, ko kuma ya yi kauri kika tilasta shi da cokali ya dagule. Ni ma na taɓa rasa kilo guda a haka. Na shirya kala uku, na zuba man kanumfari don ƙamshi, na kunna blanda daƙiƙa goma kacal. Kafin in ɗauko jug na biyu, cokalin roba ya tsaya cak a tsakiyar tukunya. Man kanumfari da na kirfa suna gaggauta kauri sosai, haka turaruka da yawa masu ƙamshin fure. Turaren da ke da banila kuma yakan mai da farin sabulu ruwan ƙasa cikin makonni, ya binne duk zanen da kika sha wahala a kai. Man lafanda da na lemo ba sa hanzarta kwaɓi. Ranar da za ki koyi murɗawa ma, shawarata ki bar ƙamshi gaba ɗaya.

Ga haɗin da ke ba da isasshen lokaci: man zaitun giram 550, man kwakwa 250, man kaɗanya 150, man zurma 50, jimla 1000. Kostik soda giram 138, ruwa giram 300. A wannan awon an bar kusan kashi 5 cikin 100 na man bai zama sabulu ba, don ya yi wa fata laushi. Kowane mai da adadin sodar da yake ci: giram ɗaya na zaitun kusan 0.135, na kwakwa kusan 0.183. Saboda haka in kika canza ko da mai ɗaya ne, sai kin sake lissafi da manhajar lissafin soda, kuma da sikeli ake awo, ba da kofi ba. Yawan zaitun ne ke jinkirta kaurin. In mai masu daskarewa suka yi rinjaye, lokacinki ya ragu. Ki bar mai da ruwan soda su huce zuwa wajen digiri 32 zuwa 38 kafin ki haɗa. In sun fi haka zafi kwaɓin zai yi gudu, in kuma sun yi sanyi ainun kaɗanyar za ta fara daskarewa ki ɗauka kauri ne alhali bai haɗu ba.

Sodar nan kuma ba a yi mata ganganci. Ita ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kanta. Ruwan zai yi zafi har kusan digiri 90 ya fitar da tururi mai shaƙewa, don haka ki yi a inda iska ke ratsawa, da safar hannu da tabarau na kariya, yara kuma su yi nisa. Kada ki yi aiki da kwanon alminiyom, soda tana cinsa. Ki nemi ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba mai kauri mai lamba 5 a gindinta. In ta taɓa fata, ki sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai gudu na tsawon lokaci.

Akwai wata dabara da ke warware rikicin jiƙaƙƙen mai. Man da kika jiƙa anato a ciki mai ne, yana cikin lissafin soda, ba a ƙara shi a kan awo haka kawai. Daga zaitun 550 ɗin nan ki ware giram 60 gefe. Ki haɗa kwaɓin da sauran, zai kai giram 1378. Rabinsa, giram 689, ki bar shi fari ki mayar masa da giram 30 na zaitun zalla. Sauran ki raba biyu, wajen 344 kowanne: ɗaya ki zuba masa giram 15 na man anato, ɗayan giram 15 na man da kika dama shuni a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali zuwa rubu'i. Kowane kaso dole ya karɓi rabonsa na mai, har farin, in ba haka ba wani sashe na sabulun zai fi wani kaifi. Ki juya kalar da cokalin roba, kada ki mayar da blanda. Alkanet ita tana son mai da yawa kafin ta nuna, don haka gara ki yi mata kwaɓinta daban.

Na ce rabi fari da gangan. Launin tsiro mai sanyi ne, ba ya ƙyalli kamar na masana'anta, kuma fari ko baƙin gawayi a gefensa ne ke fito da shi. Kala biyu masu duhu iri ɗaya, kamar ruwan ƙasa da kakin da kika samu, ko an murɗa su daidai ido ba zai raba su ba.

Ki fara da murɗawar cikin tukunya, ita ta fi yafiya. Farin yana tukunya, ki ɗaga jug ɗin rawaya sama kamar taƙi ɗaya ki zuba a wuri biyu, shuɗin ma a wasu wurare biyu, tsayin ne zai sa su nutse har ƙasa. Ki sa cokali ki zagaya sau ɗaya. Ɗaya tak. Hannu zai so ya ƙara, ki hana shi, domin zubawa cikin mazubi ita ce ke yin sauran aikin. Ki zuba daga kusurwa ɗaya ko ki bi tsawon mazubin a hankali, ki ɗan buga shi a tebur iska ta fita. In wannan ta zauna miki, ki gwada ta ɗigo: farin a mazubi, ki dinga zuba kalolin a tsaye kina bin tsawonsa, wani zubin daga sama sosai ya nutse, wani daga kusa ya tsaya a sama, yankan zai fito da siffar ɗigon hawaye. Murɗawar da ake yi da waya tana son kaurin man shafawa: ki jera kalolin hawa-hawa, ki lanƙwasa waya mai rufin roba daidai tsawon mazubin, ki nutsa ta ki zagaya sau uku ko huɗu ki zare ta gefe. Wadda ake kira zanen Taiwan da allunan raba mazubi ake yin ta, kuma a kwance ake yanka ta kafin zanenta mai kama da fure ya bayyana. Ki bar ta sai hannunki ya faɗa.

Bayan zubi, sabulun yana ɗumama kansa. In zafin ya kai, sai ya yi duhu ya koma kamar basilin daga tsakiya zuwa gefe, sannan ya huce ya daskare. Launin tsiro yana son wannan matakin ƙwarai. Shuni da mada da alkanet sun fi fitowa in sabulun ya ratsa shi, in bai ratsa ba sai su fito fari-fari. Ki rufe mazubin da kwali ki lulluɓe da tawul, amma ki leƙa bayan awa ɗaya ko biyu, in kin ga sama ta fara tsagewa ki yaye. In zafin ya tsaya a rabi za ki ga da'ira mai duhu a tsakiyar kowane yanka, ba ta cutarwa, muni kawai take yi. Farar hoda da ke fitowa a sama kuma soda ce ta haɗu da iska. Feshin barasar asibiti mai ƙarfi da rufewa da wuri suna rage ta, tururi ko ɗan wanki yana cire ta. Ki cire daga mazubi bayan awa 24 zuwa 48, in ya yi taushi ki ƙara masa kwana, ki yanka, ki jera a inuwa inda iska ke shiga mako huɗu zuwa shida.

Kafin ki sake zuba kilo guda a kan launin da ba ki sani ba, ki yi gwajin kofuna. Kwaɓi ɗaya fari, ki raba shi a ƙananan kofunan roba shida ko takwas, giram 50 kowanne, ki sa wa kowanne tsironsa, ki rubuta suna da awo da kwanan wata a jiki. In sun daskare ki raba kowanne biyu, rabi a bakin taga, rabi a cikin akwati. Bayan mako shida ki fito da su ki jera gefe da gefe, ki sa har da soborodon da zogalen a ciki don ki ga bambancinsu da shuni da anato, sannan ki zaɓi biyun da za ki murɗa.